Dabbar da Fitila Ba Ta Nuna Idonta



Duk wanda ya san gidanmu ya san gidan mota ne. Baba ya yi shekara talatin da 'yan kai yana jan tirelar shanu daga Arewa zuwa nan Badun. Wani zubin ya biyo ta Tegina, wani zubin ta Kontagora, ya sauko Mokwa, ya haye gadar Jebba, ya ratsa Ilori da Ogbomosho da Oyo, kafin ya sauke kaya a kara. Mu 'ya'yansa da warin dizal muka tashi. Ko matanmu, in mota ta wuce tana tari, za su gaya maka abin da ke damunta.

Cikin abin da Baba ya koya mana akwai dokoki biyu na tuƙin dare, kuma ya maimaita su har mun haddace. Ta farko: “Da dare ba dabba ake nema ba, ido ake nema. Saniya ce, akuya ce, kare ne, fitila na dukanta idonta zai yi ƙyalli. Kana hango ɗigo biyu suna walƙiya, ɗaga ƙafa daga totur.” Ta biyu: “Kada ka kauce wa akuya ka kashe mutane. Riƙe sitiyarinka, taka birki, in ya so a biya mai akuya.” Waɗannan dokoki sun dawo da shi gida lafiya shekara talatin. Ba mu taɓa tunanin akwai ƙasar da ba sa aiki ba.

Autanmu ya tafi Kanada karatu. Makarantarsa tana St. John's, babban birnin wani tsibiri da ake kira Newfoundland, can ƙarshen gabashin ƙasar, cikin teku. Kamar sauran yaranmu da ke waje, yana karatu yana aiki. Da yake ɗan gidan mota ne, sai ya samu aikin kai kayan gyara garuruwan tsibirin da ƙaramar mota. Muka ce alhamdu lillahi, ai kifi ya koma ruwa.

A watan Oktoba abin ya faru. Lokacin an sa ranar bikin ɗiyar babbar yayarmu, ana ta lissafin kayan ɗaki: gado, kujeru, firji, kwanuka. Kun dai san yadda abin yake a unguwar nan. In gida yana da ɗa a waje, ko ba a faɗa ba, lissafin a kansa yake ƙarewa. Auta bai taɓa ce mana babu ba. Abin da ba mu sani ba shi ne, don ya cike abin da muka yanka masa, sai ya riƙa karɓar tafiye-tafiye masu nisa a ranakun da ba shi da aji. Ranar nan garin Gander ya je, fiye da kilomita 300 daga St. John's, da niyyar ya juyo a ranar, don yana da aji da safe.

Tsakaninmu da su a wannan lokaci na shekara awa uku da rabi ne. Ƙarfe goma na dare a Sabo, shida da rabi ke nan na yamma a can, rana ta faɗi, duhu ya fara shiga. Muna zaune a tsakar gida bayan an ci tuwo, sai ɗayanmu ya ce a kira Auta a ji ko ya tura. Aka kira, ya ɗauka. Ya ce, “Yaya, ina kan hanya, bari in isa in kira ku.” Muka ce ai minti ɗaya ne. Wayar ta fara zagaya hannu: wannan ya gaishe shi, wannan ta ce mai kujeru ya ƙara kuɗi, wannan ya ce kada ya manta da na ɗinki. Yana ta cewa to, to, in sha Allahu. Sai muka ji ya ce “Innalillahi!” da wata irin murya da ba mu san shi da ita ba. Sai ƙara, kamar an sako buhun siminti ɗari daga saman bene a kan kwano. Sai shiru. Layin bai yanke ba, muna ta kiran sunansa, ba abin da muke ji sai iska. Can ya yanke.

Allah kada Ya nuna wa kowa irin wannan dare. Inna ba ta tashi daga kan sallaya ba. Baba ya ɗauki kujerarsa ya zauna a zaure, bai ce wa kowa uffan ba. Mun kira lambar ta fi sau hamsin. Sai bayan sallar asuba wani abokin zamansa ya kira, ya ce Auta yana asibiti, yana da rai, yana magana. Muka ce me ya faru, mota ya haɗu da ita? Ya ce a'a, mus ya buge.

Inna ta ɗago kai, ido duk ya kumbura, ta ce, “Mussa? Yanzu kyanwa ce ta yi mana wannan aika-aika?” Wallahi muna kuka muna dariya.

Da rana ya turo hoton motar, muka miƙa wa Baba. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Gaban motar kusan lafiya lau, bamba ta ɗan lotsa, fitila ɗaya ma ba ta fashe ba. Amma gilashin gaba babu shi, rufin kuma ya naɗe baya kamar an buɗe gwangwanin kifi. Baba ya ce, “Wannan ba karo ba ne. Faɗo mata aka yi daga sama.” Bai taɓa ganin dabbar ba, amma ya karanta ta a jikin mota.

Mus dangin barewa ce, kuma ita ce mafi girma a duk dangin. Tana zaune a dazuzzukan ƙasashen sanyi: Kanada, Alaska da arewacin Amurka, Suwidin, Norway, Finland, Rasha. Babban namiji yakan kai kilo 500, wani ya wuce 600, kuma daga ƙasa zuwa dorinsa yakan kai mita biyu. Ƙahonsa faffaɗa ne kamar an buɗe tafin hannu biyu. Ku kwatanta ƙosasshen bijimi da aka ɗora a kan ƙafafun raƙumi. Ƙafafun nan dogaye su ne masifar. Idan ƙaramar mota ta bugi saniya ko akuya, gaban motar ne ke shan dukan, kuma don haka aka ƙera shi: ya lotse, ya shanye ƙarfin karon, jakar iska ta fito. Idan kuwa mus ce, bamba ƙafafu kawai take sharewa. Gangar jikin, rabin tan na nama da ƙashi, sai ta zame ta kan bonet ta faɗo daidai gilashin gaba da rufi, wato daidai kan direba da na kusa da shi. Sau da yawa jakar iska ba ta ma fitowa, don gaban motar bai ji wani duka mai ƙarfi ba. Shi ya sa raunin da aka fi samu na kai ne da wuya.

Dokar Baba ta ido kuwa, a nan ta ƙare. Ba wai idon mus ba ya ƙyalli ba ne. Tsawonta ne ya sa kanta yake sama da inda hasken fitilar ƙaramar mota ke kaiwa. Jikinta baƙi-baƙi ne, kalar daji da dare, ba ya maido da haske. Auta ya ce idonsa na kan hanya, yana neman ɗigo biyun nan da aka koya masa. Abin da ya fara gani shi ne farin layin kwalta ya ɓace a gabansa, kamar an tsaga shi. Sai sanduna huɗu a tsaye. Kafin ya gane ƙafafu ne, an gama.

Abin mamaki, dabbar nan ita ma baƙuwa ce a tsibirin. A 1904 aka kawo guda huɗu daga lardin New Brunswick aka sake su a daji, don a samu naman farauta. Ga abinci, ga fili, kyarkecin tsibirin da zai rage su kuma ya ƙare ba da daɗewa ba. Yau sun wuce dubu ɗari, alhali mutanen lardin duka ba su fi rabin miliyan da kaɗan ba. Babbar hanyar da ta ratsa tsibirin, kusan kilomita 900, cikin dajinsu take bi, kuma kowace shekara ana yin ɗaruruwan hatsari da su. Sun fi fitowa daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. A Satumba da Oktoba lokacin barbararsu ne, maza na yawo ba ji ba gani. A Mayu da Yuni kuma iyaye mata na korar 'ya'yan bara don su haifi sababbi, sai ƙananan su yi ta gararamba har kan kwalta. Ga kuma gishirin da ake zubawa a hanya don narkar da ƙanƙara; suna son sa kamar yadda shanu ke son kanwa. A 2020 har allo aka kafa a gandun dajin Jasper, a yammacin Kanada, ana gargaɗin masu mota kada su bari mus ta lashi motarsu, don kada ta saba da kusantar motoci. Auta dai ya haɗa duka: wata na barbara, lokaci na magariba, hanya ta daji.

Mutanen waɗannan ƙasashe ba sa ɗaukar abin da wasa. A Suwidin, inda ake buge dubbai kowace shekara, doka ce duk wanda ya bugi mus ya sanar da 'yan sanda, ko da dabbar ta tashi ta gudu. Har gwajin mota ake yi da sunanta: a tuƙa sabuwar mota, a kauce ba zato kamar abu ya fito, a dawo hannu, a ga ko za ta tsaya da ƙafarta. A 1997 'yan jaridar wata mujallar motoci ta Suwidin suka yi wa sabuwar Mercedes A-Class wannan gwaji, ta wuntsila. Sai da kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya gyara ta, ya sa mata na'urar da ke daidaita mota idan ta fara kwacewa. A gandun dajin Banff na Kanada kuma an katange hanya da waya, an yi wa dabbobi gadoji ta sama da hanyoyi ta ƙasa, kuma karo da namun daji ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Amma ba za a katange daji duka ba. A mafi yawan hanyoyi, abin da ke tsakanin mutum da dabbar nan shi ne ƙafarsa ta dama.

Baba ne ya yi mana lissafin, da ashana biyu a kan tabarma. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da aka yarda a wannan hanya, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gajerar fitila ba ta haska abin da ya wuce mita hamsin ko makamancin haka, baƙar dabba kuma sai an matso kafin a gan ta. Wato daƙiƙa biyu gare ka, ko ƙasa da haka. Kafin ido ya gaya wa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta gaya wa ƙafa, fiye da ɗaya ta tafi. Idan kuwa ka sauko zuwa 70, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana raguwa da rabi, haka ma ƙarfin dukan. Ya ɗago ya dube mu ya ce, “To in kuma kunnen mutum yana Sabo ana yi masa lissafin kujeru fa?” Ba wanda ya amsa.

Da ya ga hoton dabbar sai ya yi shiru, can ya ce, “Ai na san ta. Raƙumi ne.” Ya ce tsofaffin direbobin hanyar Sakkwato da Illela sun sha faɗa masa cewa gara ka haɗu da shanu goma da ka haɗu da raƙumi ɗaya da dare, don shi ta gilashi yake shigowa. Waɗanda suka zauna a Saudiyya ma sun san haka. Hatsarin raƙumi a hanyoyin hamada sananne ne, kuma irin raunin ke nan, kai da wuya. Sai ya ce, “Da na san akwai irinsa a can, da na gaya masa. Doka ta biyu ma ba tata ba ce. Akuya ake bugewa a wuce. Wannan ba a buge ta.” Masu kula da hanya a can su ma haka suke cewa: ƙaramar dabba, taka birki ka tsaya a hannunka, mus kuwa, in akwai fili kuma ba mota a gaba, a kauce mata. In karo ya zama dole, a nufi inda ta fito, ba inda ta dosa ba, a kuma sunkuyar da kai ƙasa. Auta bai san wannan ba. Allah ne Ya sa ya kwanta gefe lokacin da ya ga sandunan, bel kuma yana ɗaure. Ya samu karaya a ƙashin kafaɗa, aka yi masa ɗinki a fuska da kai, ya yi wata uku da abin tallafe wuya, zangon karatu guda ya wuce shi. Likita ya ce da yana zaune a miƙe, da wani labarin ake yi.

Sai da ya warke ya gaya mana abin da ya fi ci masa rai. A wurin da ya sauke kaya a Gander akwai wani dattijo ɗan garin. Da ya ga Auta zai juya da yamma, sai ya ce masa, “Yaro, ka kwana. In kuma dole ne, kada ka wuce 70, ka kunna doguwar fitila, ka riƙa duba gefen daji, ba tsakiyar kwalta kawai ba. In ka ga ɗaya, akwai wata a bayanta.” Auta ya yi masa godiya, amma a ransa dariya ya yi. Ya ce shi da ya taso a hanyar Mokwa, ramuka, shanu, tireloli ba fitila, wace barewa ce za ta ba shi tsoro a kan kwalta mai santsi irin wannan? Allunan da ke gefen hanya masu hoton dabbar kuwa, ya ɗauka ado ne na masu yawon buɗe ido.

Wannan magana ta tsaya mana a rai, don mu ya kamata mu fi kowa sanin kuskuren. Tun da aka kafa Sabo a 1916, a kan me unguwar nan ta tsaya? Falke ya zo da shanu daga Arewa, komai wayonsa, komai daɗewarsa a fatauci, ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Wurin maigida yake sauka, shi zai ce masa wannan mahauci yana biya, wancan kada ka ba shi bashi. Kakanninmu sun san cewa ilimin da ka zo da shi daga gida naka ne, amma na garin yana hannun ɗan gari. Matambayi ba ya ɓata. Mu da muka gaji wannan, mun tura ɗanmu wata duniya da dokoki biyu na hanyar Jebba, ba mu ƙara masa ta uku ba: in ɗan gari ya ce ka kwana, ka kwana.

Amma kada mu ɗora wa Auta laifin duka, kada kuma mu ɗora wa dabba. Me ya hana shi kwana? Kuɗin masauki zai rage abin da zai turo mana. Me ya kai shi Gander tun farko? Lissafinmu. Wa ya riƙe shi a waya bayan ya ce yana kan hanya? Mu. Muna zaune a tsakar gida, ciki cike da tuwo, muna taka masa totur daga nisan dubban kilomita. Mun san ba mu kaɗai ba ne a unguwar nan. Gidaje nawa ne ke da ɗa a Kanada ko Amurka ko Turai yana jan babbar mota, ko tasi, ko kai saƙo? Muna ganin hotonsa da rigar sanyi a gaban mota mai ƙyalli, mu ɗauka kuɗin a ƙasa ake tsinta. Ba ma tambayar ƙarfe nawa ya kwanta, ko wace hanya ya bi da dare. Yaranmu kuma kunya ba ta barinsu su ce mana ba za su iya ba.

An yi bikin a ranar da aka sa. Kujerun ba waɗanda aka zaɓa da farko ba ne, firjin ma sai bayan wata huɗu aka saya. Amarya ta tare, ba abin da ya ragu a aurenta. Da yawa daga cikin waɗanda suka zo cin shinkafa ba su ma lura ba. Mu kuwa muna kallon ɗakin muna tunanin abin da ya kusa zama kuɗinsa.

Don haka ga roƙonmu ga iyaye da yayye masu ɗa a ƙasashen sanyi. Ku gaya musu akwai dabbar da fitila ba ta nuna idonta. Ku ce musu allon da ke da hotonta ba ado ba ne. Daga magariba zuwa asuba, in hanya ta daji ce, in za a iya fasawa a fasa. In ba za a iya ba, a rage gudu, a ɗaura bel, a share gilashi da fitila, a ajiye waya. In sun gan ta a tsaye a gefen hanya, kada su ɗauka za ta gudu don an danna mata hon. Su rage gudu sosai ko su tsaya, su kunna fitilun gargaɗi saboda na baya, kada kuma su fito ɗaukar hoto, musamman in tana tare da ɗanta. Sannu ba ta hana zuwa. Ku kuma, in kun yanka wa yaro kuɗi, ku ba shi ƙofar da zai ce “ba wannan watan ba” ba tare da an yi masa fushi ba.

Yanzu a gidanmu, duk wanda ya kira Auta, kafin ma gaisuwa, tambayar farko ita ce, “Kana tuƙi?” In ya ce e, sai a kashe. Baba ne ya kafa dokar, kuma har Inna ba a ɗaga wa ƙafa. Ita dai har yau ba ta gyara sunan ba. Duk ranar da suka yi waya, kafin ta ajiye sai ta ce, “Allah Ya yi maka albarka, Auta. A dai riƙa kula da mussar nan.”

Allah Ya tsare mana matafiyanmu na gida da na waje, Ya kai kowa masaukinsa lafiya. Amin.